Wutar sola a Nijar

Wutar sola, wato lantarkin da ake samu daga hasken rana, tana cikin hanyoyin da Nijar ke bi don rage dogaro da wutar maƙwabta. An daɗe kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, yana sayo kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da yake rabawa daga Najeriya, kuma babban layin da ke ciyar da Yamai ta Birnin Kebbi yake biyowa.

Nijar ta daɗe da sa ido a kan rana. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya karɓi shugabancin ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, a 1969, inda aka ƙera murhun girki da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da rana. Duk da haka, sai a 2018 aka buɗe babbar tashar farko, mai ƙarfin megawat 7, a Malbaza cikin jihar Tahoua.

Ta biyu ita ce ta Gorou Banda, kusa da Yamai: megawat 30, farantan sola fiye da 55,000, da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai. An ƙaddamar da ita a watan Yulin 2023. Ba a rufa wata ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wuta a farkon Agusta. Unguwannin Yamai suka riƙa wuni ba wuta. Masu walda, teloli da masu sayar da ƙanƙara suka ji a jikinsu. Da tashar ta soma aiki a watan Nuwamba, ɗauke wutar ya ragu da rana. Takunkumin kuwa sai a Fabrairun 2024 aka ɗage shi.

Matsalar ita ce dare. Rana na faɗuwa farantan sun daina ba da wuta, alhali lokacin ne gidaje ke kunna fanka da fitilu, musamman a zafin bazara. Batiran ajiya na da tsada, ƙurar hunturu na rufe farantan sai an yi ta gogewa, zafi mai tsanani ma yana rage musu ƙarfi. Shi ya sa har yanzu ake tayar da injunan gazuwal.

A karkara, inda layin NIGELEC bai kai ba, amfaninta ya fi bayyana: famfon ban ruwa a garaken albasa, firjin ajiye allurar rigakafi a gidajen likita, da cajin waya. Madatsar ruwa ta Kandadji, da ake sa ran za ta ba da megawat 130 dare da rana, ba a kammala ta ba tukuna.