Jerontoloji: ilimin da ke raba tsufa da cuta

Akwai wata magana da muke rufe zance da ita a gidajenmu idan dattijo ya fara kasawa: "Ai tsufa ne." Baba ya daina amsa sallama sai an ɗaga murya, tsufa ne. Inna ta zubar da kunu a zaninta, tsufa ne. Ta zame a bakin banɗaki, shi ma tsufa ne. Da an faɗi haka sai kowa ya yi shiru, kamar alƙali ya yanke hukunci. To akwai wani fannin ilimi da yake cewa a dakata, a duba tukuna. Sunansa jerontoloji, wato ilimin tsufa da al'amuran tsofaffi.

Kalmar daga harshen Girkanci ta fito, an haɗa kalmar da ke nufin tsoho da wadda ke nufin nazari. Wanda ya raɗa ta a 1903 shi ne Élie Metchnikoff, masanin ƙwayoyin cuta haifaffen daular Rasha da ke aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Faris, kuma ya samu kyautar Nobel a 1908. Ya yi imani cewa nono mai tsami yana ƙara tsawon rai, saboda abin da ya ji game da tsofaffin ƙauyukan Bulgeriya masu yawan shan sa. Binciken da ya biyo baya ya nuna lamarin ya fi ƙarfin kindirmo, amma sunan da ya saka wa fannin ya zauna.

Mutane kan haɗa jerontoloji da jeriyatiriks, alhali ba abu ɗaya ba ne. Jeriyatiriks reshe ne na aikin likita, maganin cututtukan tsofaffi, kuma wani likita a Niyok mai suna Ignatz Nascher ne ya fito da sunan a 1909. Jerontoloji ya fi shi faɗi. Yana duba jikin tsoho, da ƙwaƙwalwarsa, da kuma zamansa cikin jama'a: wa ke ciyar da shi, wa ke hira da shi, ya samu fanshonsa ko yana ta jeka-ka-dawo, ɗakinsa yana da haske, akwai abin dafawa a banɗaki. Don haka ba sai likita ba. Ma'aikacin jinya, jami'in walwalar jama'a, har da mai zanen gine-gine, duk suna da rabo a ciki.

Idan ana so a ga abin da wannan tunani ya canza, a dubi aikin likita Marjory Warren a Ingila. A 1935 asibitin da take aiki ya karɓi ragamar wani gidan gajiyayyu mai ɗauke da majinyata sama da 700, yawancinsu tsofaffi da aka riga aka cire rai da su, suna kwance dare da rana. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Sai ta tarar da yawa daga cikinsu cutar da ke da magani ce ta kwantar da su, wasu kuma kwanciyar ce kanta ta kashe musu ƙafafu. Ta sa aka tashe su, aka riƙa motsa musu jiki, wasu har suka koma gida da ƙafafunsu.

A Amurka ana karanta wannan fanni a jami'a har zuwa digirin digirgir, kuma Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe masa makaranta sukutum a 1975. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kwalejojin fasaha, irin wasu na jihar Wisconsin, suke koyar da shi a kwas na shekara biyu. Dalilin a fili yake. Yawancin abin da tsoho ke buƙata ba a ɗakin tiyata yake ba, yana bakin gadonsa ne, kuma aikin hannu ne da sai an koya. Ɗalibi yana karanta yadda jiki ke sauyawa da shekaru, da halayyar tsofaffi, da cutar mantuwa, da dokokin da suka shafi haƙƙinsu, da yadda ake zama da mai jiran ajali da iyalinsa. Sannan a tura shi gidan kula da tsofaffi ko cibiyar unguwa ya yi aiki a gaban waɗanda suka ƙware.

A can zai koyi abubuwan da a ido ƙanana ne. Yadda ake ɗaga mutum daga gado ba tare da an fizgi hannunsa ba, ba kuma tare da mai ɗagawar ya ji wa bayansa ciwo ba. Cewa wanda ba ya iya motsi ana juya shi kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta duga-dugai ta ɓare ta zama gyambo. Cewa ƙishirwa tana raguwa da tsufa, tsoho zai iya wuni bai nemi ruwa ba alhali jikinsa ya bushe. Cewa ƙoda da hanta sun rage sauri, maganin da bai dami ɗan shekara talatin ba zai iya sa ɗan tamanin jiri har ya faɗi. Akwai ma wani ma'auni da likita Sidney Katz ya fitar a 1963, tambayoyi shida kacal: yana iya wanka da kansa, da sa tufafi, da zuwa banɗaki, da tashi daga shimfiɗa, da riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci? Amsoshin su ke nuna inda za a taimaka masa, da inda ya kamata a ƙyale shi ya yi da kansa. Wannan na biyun yana da wuya ga mai tausayi, domin yi wa tsoho komai da komai yana gaggauta masa kasawa.

Na ga amfanin irin wannan sani a kan kakata. Wata ranar bazara ta wayi gari tana kiran mijinta da ya rasu shekaru da dama, tana naɗe tabarma wai za ta tafi gida, alhali a ɗakinta take. Muka ce gigin tsufa ya kama Hajiya. Wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta zo duba ta, ta yi tambaya ɗaya: "Jiya ma haka take?" Muka ce jiya garau take, har lissafin kuɗin adashi ta yi. Ta ce gigin tsufa ba ya zuwa dare ɗaya, sannu a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ta taɓa goshinta, ta duba harshenta ta ga ya bushe ƙamas, ta ce a kai ta asibiti yanzu. Ashe ciwon mafitsara ne da ƙarancin ruwa a jiki. Bayan ƙarin ruwa da magani na 'yan kwanaki, Hajiya ta dawo hayyacinta tana faɗan wa ya taɓa mata carbi. Har yau ina jin nauyin abin a raina, domin da mun tsaya a kan maganarmu ta farko, da a ɗakin za mu bar ta.

Ko gigin tsufan na gaskiya ma ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke yin sa ba. Likita Alois Alzheimer ya bayyana nau'insa mafi yawa tun 1906. Rashin sanin haka ne ke sa a wasu wurare a ga tsohuwa ta fita da dare tana surutai a ce mayya ce, a jefe ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye, kuma adadinsu zai kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa. Najeriya ta fara motsi: an buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012, an kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, gwamnatin tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Mu a nan ba gidan ajiye tsofaffi muke nema ba, iyayenmu a gabanmu suke tsufa, kuma haka muke so. Sai dai mai jinyar tasu galibi matar ɗa ce ko jika 'yar sakandare, wadda ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake juya mara lafiya. Kwalejojin koyon aikin lafiya da ke jihohinmu, masu yaye ma'aikatan asibitocin karkara, su ne suka fi dacewa su ɗauki wannan darasi da muhimmanci, domin ɗalibansu ne ke shiga gidaje, su ne kuma za su iya zama da matar ɗan su nuna mata da hannu.