Waiwaye: Yadda Maƙwabta Suka Riga Doka Buɗe wa Mata Masu Gudun Duka Ƙofa

Idan aka bi salsalar gidajen mafakar da ke karɓar mata da 'ya'yansu waɗanda suka tsere wa cin zarafi a cikin gida, akasari za a tarar ba hukuma ce ta aza harsashinsu ba. Mutanen unguwa ne, yawancinsu mata marasa muƙami, suka ga abin da zuciya ba za ta iya ɗauka ba, suka nemo ɗaki da tabarma, doka kuma ta biyo sawunsu daga baya.

Ba sabon abu ba ne a ba matar da ta gudo wurin fakewa. A ƙasar Japan akwai wurin ibadar Tokeiji da ke Kamakura, wanda aka kafa a 1285, inda a ƙarnonin baya matar da ta samu ta shiga harabarsa ta zauna shekara biyu zuwa uku takan samu rabuwa da mijinta ko da bai so ba. Sai dai gidan mafaka irin na zamani, wanda aka buɗe takanas domin wannan matsala, tarihinsa bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba.

A 1971 ne Erin Pizzey da wasu mata suka samu wani ɗan tsohon gida a unguwar Chiswick da ke yammacin Landan. Asali wurin haɗuwa ne suka nufa da shi, inda matan unguwa za su zo da yaransu su tattauna, su nemi shawara kan matsalolin yau da kullum. Ba a jima ba wata mata ta zo ta nuna raunukan da ke jikinta, aka ga babu yadda za a ce mata ta koma inda ta fito, sai aka shimfiɗa mata ta kwana. Labari ya bazu daga baki zuwa baki, mata suka riƙa zuwa da goyo da ƙunshin kaya, har gidan ya kasa ɗaukarsu, aka koma wani babba, shi ma ya cika maƙil. Ƙa'idar da suka riƙe ita ce ba a mayar da kowa daga bakin ƙofa, kuma wannan ƙa'ida ce ta jawo hukumar yankin ta gurfanar da Pizzey gaban shari'a bisa laifin cunkosa mutane fiye da kima, shari'ar da ta kai har kotun ƙoli ta ƙasar ta wancan lokaci. A ganina wannan shari'a ta nuna hoton zamanin sarai: akwai dokar da ta ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a gida guda, amma babu wani tanadi na inda waɗannan matan za su je idan aka fitar da su. Wannan gida ne ya zama ƙungiyar da a yau ake kira Refuge.

Cikin shekara biyar abin ya tsallaka teku. An buɗe Interval House a Toronto ta Kanada a 1973. A birnin St. Paul na jihar Minnesota a Amurka, matan ƙungiyar Women's Advocates sun fara da amsa waya suna ba da shawarar shari'a, suka lura masu kiran ba shawara kaɗai suke nema ba, wurin kwana suke nema, sai suka riƙa saukar da su a ɗakunansu na kansu har suka iya sayen gida a 1974. A shekarar ce kuma, a unguwar Glebe ta birnin Sidni a Ostareliya, Anne Summers da abokan gwagwarmayarta suka shiga wasu gidaje biyu da ba kowa a ciki, mallakar cocin Angilika, suka sauya makullai, suka kira wurin Elsie, sunan da suka tarar a jikin ɗaya daga cikin gidajen. Wata da watanni gudummawar jama'a ce ta riƙe su kafin kuɗin gwamnatin tarayya ya iso a 1975. Amsterdam ta samu nata a 1974, Berlin ta Yamma kuma a 1976. A Afirka ta Kudu 'yan sa-kai sun kafa ƙungiyar POWA mai taimakon matan da aka ci zarafinsu a 1979, takwararta Musasa kuma ta biyo baya a Zimbabuwe a 1988.

Abin da ya haɗa waɗannan gidaje shi ne cewa sun fito da matsalar fili. Kafin su, dukan mace a gidanta abu ne da maƙwabta ke ji ta bango su yi shiru, 'yan sanda su ce maganar cikin gida ce, dangi su ce a yi haƙuri a koma saboda yara. Da aka tara matan wuri guda, ana iya ƙidaya su, ana iya ganin karaya da tabo, sai musu ya ƙare. Majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da doka a 1976 wadda ta ba kotu ikon fitar da mai duka daga gidan, maimakon a ce kullum wadda aka daka ce za ta fita. Amurka ta fara ware wa gidajen mafaka kuɗin tarayya da dokar 1984, ta faɗaɗa shi da dokar yaƙi da cin zarafin mata ta 1994. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar kawar da cin zarafin mata a Disamban 1993, taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 ya sa batun cikin manyan ƙudurorinsa, Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2003. Yarjejeniyar Istanbul ta 2011, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla kan yaƙi da cin zarafin mata, ita ce ta fi fitowa ƙarara, domin ta wajabta wa ƙasashen da suka shige ta samar da isassun gidajen mafaka da layin waya na kyauta dare da rana, an kuma ba da ma'aunin gurbin iyali ɗaya ga kowane mutum 10,000. Yawancin ƙasashen Turai har yanzu ba su cika wannan ma'auni ba. Ita kanta Ingila, sai a 2021, shekara hamsin cur bayan Chiswick, doka ta ɗora wa ƙananan hukumominta nauyin samar da tallafi ga masu zama a irin waɗannan gidaje.

Wannan tazara tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa ita ce dalilin da ya sa har gobe gidan mafaka bai rabu da jama'ar da ke kewaye da shi ba. Kuɗin hukuma, inda ake samunsa, sau da yawa na shekara guda ne ko biyu, a sake nema, a yi takara da wasu, kuma yakan zo da sharaɗin abin da za a kashe shi a kai. Mace kuwa ba da sharaɗi take zuwa ba. Takan iso da tsakar dare da yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya riƙe da gefen rigarta, babu katin shaida, babu takardun asibitin yaran, domin wanda ta gudo daga hannunsa ne ke ajiye su. Abu na farko da ma'aikaciya za ta nema shi ne ta karɓi wayarta ta kashe abin da ke nuna inda mutum yake, sannan a nemo wa yaran abin sawa, a duba rauni, a bar ta ta yi barci kafin a fara maganar kotu. Kusan duk abin da aka yi amfani da shi a wannan dare, daga bargo zuwa kuɗin motar da ta kawo ta, wani ne ya bayar.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya da ba a cika lura da ita ba. Ma'aikatan wannan fanni sun daɗe da sanin cewa lokacin da mace ta yanke shawarar tafiya, da watannin da ke biye, shi ne mafi haɗari a rayuwarta, domin a nan ne mai cin zarafin ke ganin iko na kuɓuce masa. Saboda haka yawancin gidajen ba su da allo a ƙofa, ba a faɗin adireshinsu, wani lokaci ko masu ba da gudummawa ba su san inda suke ba. Wato ana roƙon jama'a su tallafa wa gidan da ba za su taɓa gani ba, su taimaki matan da ba za su taɓa jin sunansu ba, maƙwabcin da ya gane abin da gidan yake kuma ya kama bakinsa. Shirun da a da yake kare mai duka, a nan shi ne ake so ya kare wadda aka daka, kuma ina ganin wannan yana cikin mafi girman gudummawar da unguwa ke bayarwa, ko da yake babu littafin kuɗin da ke nuna shi.

Annobar korona ta 2020 ta gwada wannan dogaro. Da aka kulle mutane a gidajensu, sai aka kulle mata da yawa tare da masu dukansu, har Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira a watan Afrilu na shekarar da gwamnatoci su ɗauki gidajen mafaka a matsayin ayyukan da ba a rufewa. A tsibiran Kanari na Sifaniya aka ɓullo da wata kalmar sirri da mace za ta faɗa wa mai sayar da magani domin ya kira mata agaji, Faransa ta ɗauki dabarar, ta kuma biya wa mata kuɗin ɗakunan otal. A nan ma, mutumin da ke bayan kanta a unguwa shi ne ƙofar farko.

Girman matsalar bai bar wurin sakankancewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku, kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i a rayuwarta. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun nuna mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun abokan zama ko danginsu, wato kimanin 140 a kowace rana. Babu adadin gadajen da zai ɗauki wannan, musamman da yake gadon ba ya sakuwa sai wadda ke kansa ta samu inda za ta koma. A nan ne gudummawar jama'a ta fi ƙaranci. Tufafi da kayan wasan yara sukan taru har su rasa wurin ajiya, alhali abin da ya fi wuya shi ne mai gidan haya da zai yarda ya ba mace mai 'ya'ya uku ɗaki ba tare da tarihin albashi ba, da mai sana'ar da zai ɗauke ta aiki bayan shekaru tana zaune, da lauyan da zai tsaya mata kyauta, da makarantar da za ta karɓi yaro a tsakiyar zango ba tare da ta sanar da kowa inda ya koma ba. Muddin ba a samu waɗannan ba, zaman da aka tsara na makonni sai ya koma watanni, ma'aikaciyar da ke amsa waya da dare kuma ta ci gaba da buga wa wasu gidajen ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko akwai mai gado guda.