Grief: ma'anar kalmar, asalinta da yadda Turawa ke amfani da ita

Grief kalma ce ta Turanci da ke nufin baƙin ciki mai tsanani, musamman irin wanda ke kama mutum idan aka yi masa rasuwa. Gaɓa ɗaya ce, ana ɗan jan wasalin tsakiya, kamar ka ce "giriif" da sauri. Suna ce, aikatau ɗinta kuma grieve, irin dai yadda ake da belief da believe. A Hausa alhini da jimami sun fi kusa da ita, don shi baƙin ciki a wajenmu faɗi gare shi, har hassada yana ɗauka, idan aka ce wane ɗan baƙin ciki ne ai ba mutuwa aka yi masa ba.

Asalinta ba ta Ingila ba ce. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 ƙarƙashin William, Faransanci ya zama yaren fada da kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci, to a cikin wannan ayarin ne grief ta shigo, ana fara ganinta a rubuce tun farkon ƙarni na 13. A tsohon Faransanci daga aikatau grever ta fito, wato a ɗora wa mutum kaya ko a cuce shi, shi kuma daga Latin gravare, wanda ya fito daga gravis, ma'ana abu mai nauyi. Wannan saiwar ta yaɗu sosai fa. Ita ta haifi gravity, ƙarfin da ke janyo abu ƙasa, da aggravate, ƙara dagula abu. Masana harshe ma suna danganta ta da guru na Sanskrit, tsohon yaren Indiya, wanda shi ma asalinsa mai nauyi ne kafin ya koma babban malami, da barus na Girkanci da ke cikin sunan baromita, na'urar auna nauyin iska. Wani abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne grave, don kalmomi biyu ne masu rubutu ɗaya: mai nufin abu mai tsanani ƴar uwar grief ce, amma mai nufin kabari daga tsohon Turanci take, daga aikatau na haƙa rami, ba su haɗa komai ba duk da mutum zai rantse gida ɗaya suka fito.

Da farko ma kalmar ba ta tsaya kan zuciya ba. Wahala, ciwon jiki, rauni, zaluncin da wani ya yi maka, duk grief ake ce musu, sai daga baya ma'anar ciwon rai ta yi ƙarfi ta danne sauran. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan a grievance, koken da ma'aikaci ke kaiwa kan shugabanninsa, da grievous, wadda lauyoyi suka riƙe gam. A Ingila akwai laifin grievous bodily harm a dokar 1861, a kundin Penal Code na arewacin Najeriya kuma grievous hurt ake cewa, wato mummunan rauni kamar karya ƙashi ko lalata ido. Faransanci kuwa shi can ya tsaya a kan koke, har yau grief a wajensu ƙorafi ne, baƙin ciki chagrin suke cewa, zaman makoki deuil, don haka ɗan Maradi ko Zinder da ya yi boko da Faransanci zai iya karanta kalmar a jaridar Turanci ya ɗauka ƙara ake kai wani.

Turawa na bambanta ta da maƙwabtanta, ko da yake a baki ana cakuɗa su. Grief abin da ke cikin rai ne. Mourning shi ne na fili, baƙaƙen kaya, zaman makoki, karɓar gaisuwa. Bereavement kuma halin wanda aka yi wa rashi, asalinsa daga kalmar ƙwace ne. Sorrow tsohuwar kalmar Ingila ce tun kafin zuwan Normawa kuma ta fi faɗi.

Abin dariya kuma, a hirar yau da kullum kalmar ta yi sauƙi ƙwarai. Bature zai ce "good grief" don mamaki ko gajiya da abu, kamar mu ce kai jama'a, kuma Charlie Brown na zanen barkwancin Peanuts, wanda Charles Schulz ya fara a 1950, shi ya ƙara yaɗa ta. Idan aka ce abu ya "come to grief" to ya lalace ne ko ya yi hatsari, "give someone grief" kuma a dami mutum da mita. Ƴan wasan gem na intanet ma suna da griefer, wanda ba ya shiga don ya ci wasa sai don ya ɓata wa wasu rai.

A asibiti kuma kalmar ta zama ta aiki. Likita Elisabeth Kübler-Ross a littafinta na 1969 ta kawo matakai biyar, ƙin yarda, fushi, neman sassauci, ƙunci, sannan haƙura, sai dai mutane na mantawa cewa marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta yi nazari a kansu, ba waɗanda aka bari ba, kuma masana da yawa ba su yarda kowa na bin wannan layin ɗaya bayan ɗaya ba, gaskiya kuma duk wanda ya zauna gidan rasuwa ya san haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa prolonged grief disorder a kundinta na cututtuka mai suna ICD-11, wato alhinin da ya ƙi sauka har ya hana mutum harkokinsa bayan aƙalla wata 6, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuma suka sa shi a nasu kundin a 2022 amma su wata 12 suka ɗauka ga manya.