Ci gaban gado: fim ɗin da ke dawowa bayan shekara talatin

Kashi na biyu ba baƙon abu ba ne ga mai kallon fina-finan Hollywood. Fim ya fito ya yi kasuwa, bayan 'yan shekaru sai a dawo da jarumansa su ɗora daga inda aka tsaya. Amma akwai wani nau'i da ya yi ƙarfi tun wajen 2015, wanda masu sharhin fina-finai a Amurka ke kira legacy sequel, mu kuma a nan za mu ce masa ci gaban gado. Shi ne a ɗauko fim ɗin da ya shekara ashirin ko talatin da fitowa, a dawo da jaruminsa na asali da furfurarsa, a haɗa shi da matashi, sannan ragamar labarin ta koma hannun matashin.

Ya sha bamban da sake shirya fim, inda ake goge tsohon a faro labarin daga tushe da sababbin fuskoki. Ba kuma irin wanda ake komawa baya a nuna abin da ya faru kafin fim na farko ba ne. A ci gaban gado, shekarun da suka wuce wa masu kallo sun wuce wa mutanen cikin labarin su ma. Wani lokaci har a tsallake abin da aka yi a tsakani: Terminator: Dark Fate na 2019 ya dawo da jarumarsa ta asali Linda Hamilton, ya ɗora kai tsaye daga Terminator 2 na 1991, ya yi kamar ba a taɓa yin sauran ukun da suka biyo baya ba.

Dalilin yawaitarsa ba ɓoyayye ba ne. A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke da Star Wars, a kan kimanin dala biliyan 4, kuma Star Wars: The Force Awakens da ya fito a 2015 ya tara sama da dala biliyan 2. Daga nan kowane kamfani ya shiga binciken ma'ajiyarsa, wai da tsohuwar zuma ake magani. Yaran da suka kalli fim ɗin farko su ne iyayen yau, su ne masu sayen tikiti. Kwamfuta kuma ta kawar da matsalar tsufa: a Tron: Legacy na 2010 an mayar wa Jeff Bridges da ƙuruciyarsa, a Alien: Romulus na 2024 kuwa an dawo da fuskar Ian Holm, ɗan wasan Alien na farko, wanda ya mutu tun 2020. Wannan na ƙarshen ya sha suka, kuma a ganina bai sha a banza ba.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne fina-finan almarar kimiyya, domin manya daga cikinsu da tambayar da suka bari ba amsa suke rayuwa. Dubi 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick, na 1968. Kwamfutar jirgin sama-jannati, HAL, ta kashe mutum huɗu cikin biyar da ke jirgin, tana magana a hankali cikin ladabi, kuma fim ɗin bai taɓa fayyace dalili ba. Rashin sanin nan shi ne ke tsorata mai kallo. A 1984 Peter Hyams ya yi ci gabansa mai suna 2010, aka bayyana cewa umarni biyu masu karo da juna aka ba ta: ta faɗi gaskiya, ta kuma ɓoye wa matuƙan ainihin manufar tafiyar. Fim ɗin ba shi da laifi, bayanin ma ya shiga hankali. Sai dai abin da ke hana mutum barci a dā ya koma matsalar saiti.

Blade Runner ya bi wata hanyar. Ridley Scott ya fitar da shi a Yunin 1982, mako biyu bayan fim ɗin E.T. na Steven Spielberg, bai kuma yi kasuwa ba. Sai daga baya kaset ɗin bidiyo ya ɗaga shi. Harrison Ford ya fito a Deckard, ɗan sandan da aikinsa farautar ƙerarrun mutane, waɗanda kamfani ya yi su da tsoka da jini. A sigar da aka fitar a 1992 an ƙara wani ɗan mafarki da Deckard ya yi na doki mai ƙaho ɗaya, a ƙarshen fim kuma sai ga shi ya tsinci irin dokin nan, an naɗe shi da takardar gwangwani, wanda wani abokin aikinsa ya bar masa a ƙofar gidansa. Wa ya san mafarkin wani? Sai fa idan dasa masa shi aka yi. Tun daga nan ake musu: Scott ya ce Deckard ƙerarre ne, Ford ya daɗe yana cewa mutum ne.

Shekara 35 bayan na farko Denis Villeneuve ya yi Blade Runner 2049, kowa na jiran a raba gardama. Bai raba ba. Akwai wurin da matashin ɗan sandan, wanda Ryan Gosling ya fito a matsayinsa, ya iske Deckard a kangon Las Vegas tare da wani kare, ya tambaye shi ko karen na gaske ne. Tsohon ya ce shi ma bai sani ba, ya tambayi karen. Iyakar abin da masu kallo suka samu ke nan. Maimakon tsohuwar tambayar, fim ɗin ya zo da tasa: idan ƙerarriyar mace ta haihu, me za a kira ɗan, kuma wa ke da iko da shi? Ya kuma magance wata matsala da fina-finan almarar kimiyya kaɗai ke da ita, wato makomar da suka hasko takan zo ta wuce. Na farko a Los Angeles ta 2019 aka kafa shi. Villeneuve bai gyara komai ba don ya dace da zamaninmu. Tallar kamfanin jiragen sama na Pan Am da ta Tarayyar Sobiyet suna nan a jikin gine-gine, duk da cewa dukansu sun rushe tun 1991.

A nawa ma'aunin nan ne abin dubawa idan aka ce za a yi wa wani tsohon fim ci gaba: shin mai shirin yana da sabuwar tambaya, ko amsar tsohuwar kawai zai sayar? Independence Day: Resurgence na 2016 ba shi da ko ɗaya, sai jirgin baƙi da ya fi na 1996 girma, ga shi babu Will Smith, jarumin na farko. Akwai kuma waɗanda suka ƙi tun farko. Steven Spielberg da marubuciyar fim ɗin Melissa Mathison sun tsara labarin E.T. kashi na biyu, Spielberg ya ajiye shi. Robert Zemeckis da Bob Gale, waɗanda suka ƙirƙiri Back to the Future, sun sha faɗa cewa ba za a yi na huɗu ba.

Kyau kuma ba shi ke kawo ciniki ba. Blade Runner 2049 ya ci kyautar Oscar biyu, ɗaya ta Roger Deakins a ɗaukar hoto, amma da tsawonsa na minti 163 da kuɗin shiri sama da dala miliyan 150, abin da ya tara bai kai dala miliyan 300 ba. Wannan bai sa masu sunan sun haƙura ba: Amazon ta ɗauki nauyin shiri mai dogon zango, Blade Runner 2099, tare da Michelle Yeoh.