Mayar da Itacen Sifurus na Gandun Reno ya Zama Bonsai: Tambayoyi da Amsoshi

Bonsai sana'ar rainon itace ce a cikin kasko, yana ƙarami amma da kamannin tsohon itace. Japanawa ne suka ƙware a kanta bayan ta iso musu daga Sin. Sifurus kuwa itacen ƙasashen sanyi ne, ganyensa gajeru kamar allura, sunansa na kimiyya Picea.

Wane irin sifurus zan nema a gandun reno?

Guda biyu aka fi samu. Akwai Picea abies, ɗan asalin Turai, da kuma Picea glauca 'Conica', gajeren da aka gano a lardin Albata na Kanada a 1904. Na biyun ya fi jan ido saboda cikar ganyensa, amma ya fi wuyar sarrafawa: rassansa sirara ne, suna miƙewa sama, kuma suna fitowa da yawa daga wuri guda. A Japan, Picea jezoensis ne ake ji da shi. Mai fara koyo ya fi samun sauƙi da Picea abies.

A wurin saye, kada ganye ya ruɗe ka. Sa yatsa ka tone ƙasar saman tukunyar santimita 2 zuwa 5, domin sau da yawa an binne gindin. Abin nema shi ne gindi mai kauri da saiwoyi da suka bazu ta kowane ɓangare, da gangar da ke sirancewa zuwa sama. Sannan ka buɗa rassan ka leƙa ciki. In akwai kore da idon toho kusa da gangar, ka samu abin aiki. In ciki duk ya bushe sai bakin rassa kaɗai ke da ganye, bar shi. Wanda aka yi wa aure kuma, duba mahaɗar, domin kumburinta ba ya ɓacewa.

Na kawo shi gida, in fara yanka?

A'a. Ajiye shi a waje, ka cire busassun rassa da mataccen ganyen da ya taru a ciki, ka shayar da shi, ka ba shi taki har ka ga ya yi toho mai ƙarfi. Dokar sifurus ita ce babban aiki ɗaya a shekara. Shekarar da aka sassaƙe samansa ba a taɓa saiwarsa, shekarar da aka taɓa saiwa kuma a ƙyale saman. Da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa a hannun sababbin masu koyo haɗa ayyukan nan biyu a rana ɗaya ne ya kashe su.

Yaya ake zaɓen rassan da za a bari?

Nan ne aikin yake. Sifurus yana fitar da rassa huɗu, biyar ko fiye a zagaye daga gaɓa ɗaya. In aka bar su duka, gaɓar za ta kumbura ta fi ƙasanta kauri, kuma wannan aibi ba ya gyaruwa. A kowace gaɓa a bar reshe ɗaya, ko biyu in ba sa fuskantar juna daidai. Reshen farko mai kauri ya kasance wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin itacen, na biyu a ɗaya gefen ya ɗan fi shi sama, na uku a baya don ya ba itacen zurfi. Tazarar tana raguwa yayin da ake hawa.

In itacen ya yi tsayi, a yanke kan a saman wani reshe siriri, a ɗaga reshen da waya ya zama sabon kai. Haka ake samun sirancewar gangar.

Abu biyu kada a manta. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a zama ɗaya. Kuma duk reshen da aka gajarta sai an bar masa kore da idon toho, domin reshen sifurus da ya rasa ganye mutuwa yake yi, ba ya sake tsirowa. Reshen da ba a so ana iya barin guntunsa, a ɓare ɓawon da filaya, a shafa masa ruwan haɗin farar wuta bayan ya bushe, ya zama farin busasshen reshe irin wanda Japanawa ke kira jin. Yana yi wa sifurus kyau ƙwarai. A ƙasashen sanyi, ƙarshen lokacin zafi zuwa kaka ya fi dacewa da wannan aiki duka.

Me ya sa rassan ke komawa sama bayan an cire waya?

Haka jikinsa yake, mai lanƙwasuwa ne amma mai taurin kai. Reshe kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya tsaya inda aka sa shi, kuma sake naɗa waya sau biyu ko uku ba laifi ba ne. Kaurin wayar ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen, a naɗa ta a karkace kamar digiri 45, ba tare da an danne ganye ba. Wayar tagulla da aka gasa ta fi ta alminiyam riƙo. A saukar da reshen tun daga tushensa, ya ɗan rusuna kamar wanda dusar ƙanƙara ta daɗe tana dannewa, bakinsa kuma ya ɗago kaɗan. Reshe mai kauri a ja shi ƙasa da waya a ɗaure a bakin tukunya, a sa guntun roba a inda wayar ta zauna.

A naɗa daga ƙarshen lokacin zafi zuwa hunturu. Lokacin da yake cikin toho ɓawonsa na saɓulewa da sauƙi, reshen da aka murɗa a lokacin yakan bushe bayan makonni. A lanƙwasa sau ɗaya, banda kai da komo. Rassan sama sun fi saurin kauri, don haka a nan waya ke fara cin ɓawo. In ta fara, a yanyanke ta, kada a warware.

Yaushe zai koma kasko?

A farkon bazarar ƙasashen sanyi, wato da fitar hunturu, lokacin da idon toho ya kumbura bai buɗe ba. Kada a wanke saiwar tas. A sassauta tsohuwar ƙasa da tsinke a rabin curin saiwar, a bar ɗaya rabin sai bayan shekara biyu ko uku, kuma kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na saiwoyin. Sabuwar ƙasa ta zama mai tsakuwa, ƙwayarta milimita 2 zuwa 6: akadama, wato yumɓun Japan, da famis, wato dutse mara nauyi mai ƙananan ramuka, da tsakuwar aman wuta, daidai wa daida. A sa raga a ramukan ƙasa, a ɗaure itacen da waya don kada iska ta girgiza shi ta tsinke sababbin saiwoyi. Da farko akwatin katako mai faɗi ya fi. Ƙaramin kasko sai ganga ta kai kaurin da ake so, domin a cikinsa kauri kusan tsayawa yake yi. Taki sai bayan wata guda.

Ta yaya ganyen zai cika?

Da tsinke toho. In sabon toho ya kai santimita 2 zuwa 3 yana da taushi, a tsinke rabinsa ko kashi biyu cikin uku da yatsu. A tsananta a sama inda ƙarfi ya fi yawa, a ƙyale na ƙasa da na ciki masu rauni. Wannan aikin itacen da ya riga ya samu siffa ne. Wanda ake son ya yi kauri a bar shi ya yi tsiro, a rage daga baya.

Ganyen ya fara dusashewa, me ke faruwa?

Fara da duba ƙasa: sifurus ba ya jure bushewa, ba ya kuma son kwanciyar ruwa. In ruwa daidai yake, riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka girgiza. In ka ga ɗigo-ɗigo suna motsi, ƙananan ƙwarin nan ne masu saƙa kamar gizo-gizo. A feshe ganyen da ruwa mai ƙarfi a kai a kai, in sun yi yawa a sa maganin da aka yi dominsu.

Zai rayu a ɗaki?

Ba zai rayu ba. Yana bukatar rana, iska da barcin hunturu na watanni, shi ya sa ba ya daɗewa a inda babu sanyi na gaske. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ƙarƙashin sifiri, a binne kaskon a ƙasa ko a kai shi rumfar da ba a ɗumama ba, kuma a ci gaba da duba danshin ƙasarsa.