Mece ce kafireta, kuma me ya sa ake yawan ɗora mata laifi?

Duk mai lambu ko manomin rani da ke da injin ban ruwa ya san kalmar nan. Inji ya ƙi tashi, an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, sai bakanike ya duba ya ce kafireta ce.

Kafireta ita ce ɗan ƙarfen da ke tsakanin matatar iska da kan inji. Aikinta gauraya fetur da iska kafin su shiga inda filogi zai ba su wuta, kuma da awo take yi: kusan kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Iskar da inji ke zuƙa tana bi ta wani matsattsen maƙogwaro, gudunta ya ƙaru, sai ta tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa ta wata 'yar huda da ake kira jet. Cikin kofin akwai fulot da ke yawo a kan mai, da allurar da ke toshe hanya in kofi ya cika. Haka abin yake a injin Honda GX160 da ire-irensa da suka cika fadamu, haka a injin yanke ciyawa da ƙaramin janareta.

Hudar jet ba ta fi bakin allurar ɗinki da yawa ba, shi ya sa ɗan datti kaɗan ke kashe aiki. In inji ya tashi da cok, wato ɗan marfin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, amma ya mutu da zarar an buɗe shi, ko yana hawa yana sauka shi kaɗai, mai ne ba ya isa, galibi jet ya toshe. In kuwa yana baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Nan a fara duba matatar iska, don ƙurar hunturu kan cushe ta. Fetur na ɗiga daga ƙasan kafireta? Fulot ya maƙale ko allura ta cinye.

A ganina, sau da yawa kafireta ba ta da laifi, man da aka ba ta ne. Fetur ɗin da ya kwana wata da watanni a tanki yakan lalace, ya bar danƙo mai kama da ƙaro a cikin hudojin. Na jarka kuma yakan zo da ruwa ko yashi. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan kofi yake kwanciya, daidai inda jet ke sha. Kwance ɗan noti da ke gindin kofin, ka tara a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya ware a ƙasa. Murfin tanki ma yana da hudar shan iska, in ta toshe inji zai yi aiki kaɗan ya mutu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a ga ana sakace jet da waya ko allurar ɗinki. Tagulla ce, tana da laushi, hudar ta faɗaɗa ke nan, daga ranar inji ya dinga shan mai fiye da kima, ga tsadar fetur. A wanke da mai mai tsabta ko maganin feshin kafireta, a hura iska.

Idan rani ya ƙare za a ajiye inji, a rufe makunnin mai inji yana aiki, a bar shi ya shanye na cikin kofi har ya mutu da kansa, sannan a juye na tanki.