Masu shiga gidajen masu jego: amsar tambayoyin da na gaji da ji

Aikin ungozoma nake yi a Damagaram, kuma cikin aikina har da duba rele-rele, wato ƴan unguwa da aka horar, masu zagaya gidajen masu ciki da masu jego. Tambayoyin nan na amsa su a matanite, na amsa su a wurin suna da abinci a bakina, na amsa su a waya da tsakar dare. Ga su a rubuce. Duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Mece ce ziyarar gidan da kuke ta faɗa?

Wadda aka horar ce take zuwa gida a ranakun da aka tsara, ta duba uwa, ta duba jariri, in ta ga alamar haɗari ta tura su likita. Mai barka takan ce Allah ya raya ta zauna. Ita wannan kwance zanen jaririn take yi ta ƙirga numfashinsa.

Ana biya?

A'a. Wanda ya ce ki ba shi ko dala, ki faɗa wa majo, wato shugaban likitar unguwarku. Awon ciki da duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ma kyauta ne a Nijar tun 2006, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a rubuta miki ki saya.

To me ake rabawa?

Ba a raba komai. Ba gari, ba mai, ba sabulu. Na san wannan tambayar ce a zuciyar rabin masu tsayar da ni a hanya, kuma na san gidan da aka daina yi wa rele sallama da daɗi tun ranar da aka ga jakarta ba biskit ɗin tamowa. Ku ji tsoron Allah. Yarinyar nan rana take sha daga Garin Malam zuwa Karkada saboda ɗanku.

Yaushe ya kamata a zo?

Ranar haihuwa, rana ta 3, rana ta 7. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara a 2009. Dalili: cikin jariran da ke rasuwa a watan farko, kusan uku cikin huɗu a satin farko suke tafiya. Wato ziyarar ranar suna ita ce ta uku. In ita ce ta farko, an zo cin tuwo ne.

Gaskiya abin yana rage mutuwar jarirai, ko dai aikin masu fararen motoci ne?

Yana ragewa, amma ba ko'ina daidai ba, kuma a nan nake so ku buɗe kunne.

A Gadciroli ta Indiya, likita Abhay Bang da abokan aikinsa sun horar da matan ƙauye a ƙauyuka 39. Sakamakon da suka fitar a 1999 ya nuna mutuwar jarirai sabbin haihuwa ta ragu da kashi 62 cikin ɗari. A Silhet ta Bangladash, a 2008, kashi 34. Da aka gwada a Gana, a yankin Brong Ahafo, sakamakon 2013 ya ba da kashi 8 kawai, ragin da ba shi da ƙarfin da za a dogara da shi shi kaɗai. Da suka haɗa shi da sauran manyan gwaje-gwajen da aka yi cikin tsarin lafiya na yau da kullum, sai ya tsaya wajen kashi 12.

Me ya raba 62 da 8? Matan Gadciroli suna nan lokacin haihuwa, suna dawowa sau da yawa, an koya musu gane cutar jini a jariri har su yi masa allura a gida, kuma akwai mai bin sawunsu yana duba aikin. Na Gana shawara suke bayarwa su tura likita. Duk sunansu ziyarar gida, amma ba kaya ɗaya ke cikin buhun ba. Kashi 12 ɗin ma kada ku raina shi. Ku tambayi uwar da nata yake ciki.

Ba duk mai jego za a bi ba ke nan?

Da da hali, duka. Tunda ba hali, ana fara da bakwaini, tagwaye, wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, wanda aka haifa a gida, wanda uwarsa ta rasu, da ƴar yarinya mai haihuwar fari. A ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ake aurar da su kafin shekara 18, wannan ta ƙarshen ita ce cikar gidajenmu. Ga kunyar ɗan fari: ba za ta kalle shi a gaban mutane ba, balle ta ce bai kama mama ba tun jiya. Sai an kore kowa daga ɗaki kafin ta yi magana.

Turawa ma suna yi?

Suna yi, kuma su ma sun sha mamaki. Wani mai bincike, David Olds, ya fara nasa a garin Elmira na Amurka a 1977 da mata 400, ma'aikatan jinya suna bin su tun suna da ciki har yaro ya shekara 2. Bayan shekara 15, rahoton cin zarafi da sakaci da yara ya ragu da kusan rabi a gidajen da aka bi. Da ya sake gwadawa a Denba, ya raba aikin tsakanin ma'aikatan jinya da mutanen unguwa masu ɗan horo, sai na ma'aikatan jinyar ya fi tasiri nesa. Ingila ta ɗauki tsarin, ta gwada shi a kan ƴan mata masu cikin fari sama da 1,600, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna bambanci ba a manyan abubuwan da suka auna, kamar nauyin jariri da sake ɗaukar ciki da wuri. Can dama kowace mai jego tana da mai zuwa duba ta. Ƙarin ruwa a randar da ta cika ba ya nunawa. Tamu randar kuwa kun san yadda take.

Inna, na ƙirga numfashi 68, jaririn kwana 4 ya ƙi mama, maigidan yana Aljeriya ci-rani, uwarsa ta ce ba a fita da jariri kafin suna. Me zan yi?

Wata rele ce ta kira ni da wannan, kuma irinta na zuwa kusan kowace damina. Ɗiyata, ba ni da amsa ɗaya da za ta yi a kowane gida, amma ga yadda nake bi.

Fara sake ƙirgawa, minti ɗaya cur, lokacin da ba ya kuka. In ya kai 60 ko ya wuce, ga ƙin mama, to wannan jaririn na likita ne yau, ba gobe ba. In kuma yana jijjiga, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa, babu lokacin doguwar lallashi. Ki fito ki nemo babban namijin da ke kusa yanzu-yanzu.

Sai tsohuwa. Kada ki yi gardama da ita a gaban surukarta, kada kalmar jahilci ta fito daga bakinki. Ta haifi tara, ke ko ɗaya ba ki haifa ba, kuma za ta tuna miki. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Iya, zo ki gani da idonki," ki sa ta kalli ƙirjin yana faɗawa. Sau da yawa ta riga ki gani, tsoro take ji. Ki nemi abin da ke ƙarƙashin "ba a fita kafin suna", don ba kullum al'adar ce ba. Wani lokaci kuɗin kabu-kabu ne babu. Wani lokaci an riga an sayi rago, tana tsoron a riƙe yaro a likita ranar suna. Wani lokaci kuwa ba ta son ɗanta ya kira daga Tamanrasat ya ce wa ya ba da izini. Kowanne da maganinsa: na farko a nemo jikka ɗaya a unguwa, na biyu liman ya gaya mata ana raɗa suna ko yaro yana kan gado, na uku a kira ɗan a WhatsApp ta ji da kunnenta. In wayar ba ta shiga, wan miji ko ƙanensa, ko mai unguwa. Inda akwai makarantar mazaje, ƙungiyar magidanta masu wayar da kai kan lafiyar mata, wadda dama a jiharmu UNFPA ta fara ta, ki nemi ɗaya daga cikinsu; irin wannan ranar aka kafa su dominta. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in ce tsohuwar da kanta za ta riƙe jikanta har likita. Ta tashi daga mai hanawa ta koma mai kaiwa.

Kafin a tashi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a rufe su. In yana iya haɗiya, a tatsa masa mama a cokali. Ba ruwa, ba ɓauri, ba ragowar maganin yayansa. In sun ƙi babbar likita sam, ki roƙi ko ƙaramar da ke kusa, don tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hanyar da ma'aikacin lafiya zai bi ya yi wa irin wannan jariri magani ba tare da an kwantar ba idan turawa ta gagara. Wannan hukuncin ma'aikaci ne, ba naki ba, kuma bai kai kwantarwa ba. Amma ya fi zama a ɗaki.

Yaya ƙarfin da za ki matsa? A nan ne ni ma nake ɗar-ɗar. Na taɓa ɗaga murya a wani gida har na ambaci hukuma. An kai yaron, ya rayu, amma cikin da ya biyo baya ɓoye mini shi suka yi har aka haihu a ɗaka. Na taɓa kuma yin sanyi a wani gidan, na ce to sai da safe. Da safe tabarma na tarar a ƙofar gida. In dole sai na zaɓa, gara a rufe mini ƙofa. Amma ke ce za ki ci gaba da zama a unguwar, ni in hau babur in tafi, shi ya sa nake cewa ki kira majo ko ni, laifin ya hau kanmu. Kuma in kin yi duk wannan suka ƙi, ki koma da yamma, ki koma da asuba. Ba ki kashe kowa ba, ɗiyata. Ki rubuta a littafinki ki kawo.

Za ku hana mu wankan jego?

Wa ya isa? Ku yi wankanku, amma ruwan da hannunki ba ya jurewa bai kamata ya hau jikin kowa ba. Kunun kanwa ne muke faɗa a kai: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shansa, tare da tsananin gashi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafa ta kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kawo ta.

Ai da zafin Damagaram dole a ba jariri ruwa.

Ba tambaya ba ce wannan, amma a'a. Mama zalla har wata 6, ko a watan Afrilu. Uwar za ku ba ruwan. Dakashi kuma ba a zubarwa.

Na ga rele tana wasa da jariri da gwangwani. Shi ma aiki ne?

Shi ne ma wanda ya fi daɗewa yana biya. A Kingiston ta Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 da suka tsumbure. Wasunsu ana zuwa gidansu awa ɗaya kowane sati har shekara 2, ana koya wa uwa wasa da hira da yaro da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da suke samu a aiki ya fi na waɗanda ba a yi wa wannan ziyarar wasan ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Amma kada a yi zaton magana na maye gurbin tukunya. A nan Nijar, cikin shirin tallafin kuɗi na jikka 10 a wata da aka auna a Doso da Maraɗi, wayar da kai da ziyarar gida sun gyara yadda iyaye ke kula da yara, amma tsawo da nauyin yaran ba su motsa ba.

Mai jego tana ta kuka ba dalili tun da ta haihu. Iska ce?

A yi addu'a, a kuma kawo ta. Ciwon damuwa ne da ke bin haihuwa, kuma yana jin magani. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ma'aikatan lafiya masu shiga gida da aka koya wa zama su saurara sun rage shi da fiye da rabi. In ta fara cewa ba ta son rayuwa ko ba ta son ganin jaririn, kada a bar ta ita kaɗai ko na awa ɗaya.

Unguwarmu ba mai zuwa. Shike nan?

Haba. A Mirya aka gwada koya wa uwaye awon dantsen yara da ɗan maɗaurin nan mai launi uku don gane tamowa, aka ga ba su gaza ma'aikatan ƙauye ba, har yaransu sun fi isa wurin magani da wuri. Ki je likita ki ce a koya miki, na yaro ɗan wata 6 zuwa sama ne. Na sabon jariri kuwa alamomin na sama, ki sa a karanta miki su sau biyu.

Haihuwata ta shida ce, me yarinya za ta koya mini?

Wataƙila ba komai. Bar ta ta ƙirga numfashin, ki miƙo mata karnen rigakafin ta duba, minti goma ne.